Sarakunan Daji: Yadda Nijar Ta Gina Rundunar Masu Tsaron Namun Dawa

Wanda ya taɓa shigowa Yamai da sassafe ta hanyar Say ko ta Torodi ya san manyan motocin nan da ake loda wa itacen wuta har su karkace, suna tsaye a shinge, wani jami'i cikin kaki yana zagaya su da takarda a hannu. A littafin gwamnati sunan aikinsa Eaux et Forêts, wato ruwa da dazuzzuka. A bakin talaka kuwa, musamman a ƙasar Hausa, sarkin daji ne. Mutanen birni sun fi saninsa da wannan shinge da kuma rabon dashe ranar 3 ga Agusta, amma rundunarsa ce ke gadin giwayen gandun W, da raƙuman dawan Kure, da ɗan abin da ya rage na warwaji a hamadar Termit. Daga babban ofishinsu na Yamai ake ɗaukar su aiki, a tura su, a kuma sa ido a kansu.

Ba Bature ne ya fara sa wa daji doka ba. Garuruwan Hausa suna da sarkin dawa da sarkin baka, masunta suna da sarkin ruwa, kuma maharbi bai isa ya shiga farautar gayya ba sai an buɗe daji. A Damagaram har yau ana ba da labarin tsananin Sarki Tanimu a kan duk wanda ya sare gawo. Waɗannan masu sarauta 'yan gari ne: sun san mai laifi, sun san uwarsa da ubansa, kuma dajin da suke karewa kowa yana ganinsa nasa.

Faransa ta zo da wani lissafi daban. A 1926 ta ɗauke babban birnin mulkinta daga Zinder ta dawo da shi Yamai. Ba a daɗe ba wani masanin daji ɗan Ingila, Stebbing, ya ta da hankalin Turawa da cewa Sahara tana gangarowa kudu za ta haɗiye arewacin Najeriya. Sai Faransa da Ingila suka haɗa kwamiti, ciki har da André Aubréville, wanda daga baya ya yaɗa kalmar da muke fassarawa da kwararowar hamada. Kwamitin ya bi iyakar Nijar da Najeriya a ƙarshen 1936 da farkon 1937, bai ga hamada tana tafiya ba, amma ya ɗora laifin lalacewar ƙasa a kan gatarin manomi da wutar daji. Kafin nan ma, ranar 4 ga Yuli 1935, an riga an fitar da dokar daji ta dukan Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa. Dokar ta ce dajin da babu mai takardar mallakarsa na gwamnati ne, ta ware wasu dazuzzuka ta killace, ta kuma jera itatuwan da ba a taɓawa sai da izini. A kan wannan doka aka gina ma'aikatar. A sama akwai injiniyoyi Turawa da suka yi karatu a makarantar daji ta Nancy. A ƙasa akwai masu gadi 'yan ƙasa, da yawansu tsofaffin sojoji, waɗanda ba a nemi su san sunan tsuntsu ko lokacin haihuwar barewa ba. An nemi su kama mai laifi ne kawai.

Ɓangaren namun dawa ya tsiro ne a kudu da Yamai, tafiyar kilomita 150 ko kusa da haka, inda kogin Kwara ya yi lanƙwasa biyu masu kama da harafin W. Wani likitan dabbobi, Fiasson, ya ratsa wurin ya ga yawan giwa da ɓauna da gwanki, ya ba da shawara a killace shi. Aka bi mataki-mataki har ranar 4 ga Agusta 1954, lokacin da W ya zama cikakken gandun ƙasa, hekta 220,000 a ɓangaren Nijar, da sansaninsa a Tapoa. A 1955 aka killace Gadabeji a arewacin Maradi, a 1962 kuma Tamu da Dosso. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne W ba kango ba ne lokacin da aka killace shi. Akwai ƙauyukan Gurmawa da mashekarin Fulani da aka tasa. Jikokinsu suna zaune a bakin gandun har yanzu, kuma duk jami'in da aka tura Tapoa yana gadar wannan tsohon ciwo ko da ba a koya masa shi a aji ba.

Da aka sami 'yancin kai a 1960, Turawa suka tattara, aka bar ƙasa mai faɗin fiye da murabba'in kilomita miliyan ɗaya da 'yan tsirarun masana. Makarantar Kollo, mai nisan kilomita talatin da 'yan kai daga Yamai, wadda tun zamanin Faransa take koyar da aikin gona, ita ta ɗauki nauyin yaye ƙanana da matsakaitan jami'an daji. Har yau mafi yawan waɗanda ke riƙe da ofisoshin gundumomi ta can suka bi. Manyan kuwa sai an tura su waje. A 1970 aka buɗe makarantar namun dawa ta Garwa a Kamaru domin ƙasashe masu amfani da Faransanci, shekara bakwai bayan ta Mweka a Tanzaniya, kuma a Garwa 'yan Nijar suka fara koyon ƙidayar dabbobi, da bin sawu, da tsara ƙunar daji ta farkon rani, da kula da tafkunan da namun dawa ke sha. Daga baya tsangayar aikin gona ta jami'ar Yamai, wadda aka sa wa sunan Abdou Moumouni a 1992, ta fara yaye injiniyoyin daji a gida.

Sai fari ya zo. Ranar 4 ga Maris 1974, makonni kaɗan kafin Seyni Kountché ya kifar da gwamnatin Diori Hamani, aka sa hannu a sabuwar dokar daji, wadda ta riƙe ruhin ta 1935 kusan gaba ɗaya. Aka hana farauta a ƙasar baki ɗaya, hanin da ya ɗauki sama da shekara ashirin. A nan ne sunan sarkin daji ya yi ƙaurin da har yau bai gama wankewa ba. Gawon da ya tsiro a tsakiyar gonar mutum, shi ya bar shi, shi ya kare shi daga awaki, amma in ya datse reshe ɗaya don dabbobinsa sai tara. Doka ta ba jami'i damar sasanta laifi da kuɗi ba tare da an je gaban alƙali ba, kuma wani kaso na kuɗin tara yana komawa ga waɗanda suka yi kamun. A ganina wannan shi ne babban kuskuren da aka yi wajen gina rundunar, domin an ɗaura cikin ma'aikaci a kan laifin talaka, sannan mai sa ido a kansa yana can Yamai, kwana biyu a mota. Manomi ba wawa ba ne. Da ya ga itace a gonarsa masifa yake jawo masa, sai ya riƙa tumɓuke tsiron tun yana ƙarami. A arewa kuma hanin farauta bai hana masu motoci da manyan bindigogi ba. Mariri, wanda dā ake ganin garkensa a Gadabeji da Tadres, ya ɓace daga Nijar cikin shekarun 1980, a daidai lokacin da farauta take haram a takarda.

Gyara ya fara ne daga Maradi. A watan Mayu 1984 gwamnati ta kira babban taron ƙasa a can kan yaƙi da hamada, aka fito da abin da ake kira Alkawarin Maradi, wanda ya yarda cewa ba a raya daji sai da mutanen da ke cikinsa. A wannan yanki kuma wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, tare da manoma, suna nuna cewa kututturan da ke ƙarƙashin gona suna da rai, sassabe mai kyau kawai suke jira. Abin da ya rage shi ne jami'in daji ya ɗaga ƙafa, manomi ya tabbata itacen nasa ne. Inda aka yi haka, gonaki suka cika da gawo da kalgo da sabara, har ana ƙiyasta hekta miliyan biyar a kudancin ƙasar. Kusa da Yamai, a dajin Geselbodi, aka gwada ba ƙauyawa ikon sarar itace bisa tsari. Dokar 1992 ta kafa kasuwannin itace na karkara, ta 8 ga Yuni 2004 kuma ta sake fasalin dokar daji baki ɗaya. Aikin jami'i ya tashi daga kamu zalla ya koma har da koyarwa, da auna daji, da zama a ƙarƙashin inuwa ana shawara da mai gari. Ba kowane jami'i ne ya karɓi wannan sauyi da zuciya ɗaya ba, kuma har gobe ana jin koke a ƙauyuka.

Namun dawa sun sami tasu dokar ranar 29 ga Afrilu 1998, wadda ta rarraba dabbobi gida-gida: waɗanda ba a taɓawa sam, da waɗanda ake farauta da lasisi a lokacin da aka ƙayyade. Gwajinta na farko raƙumin dawa ne. A 1996 guda 49 kacal suka rage a duk Afirka ta Yamma, dukansu a yankin Kure, gabas da Yamai. Ba a cikin gandu suke ba. A gonakin Zabarmawa suke yawo, suna cin ganyen gawo, wani lokaci su ɓarnata wake da mangwaro. Babu yadda za a yi a kori mutane a kewaye wurin, don haka dole jami'an daji suka yi aiki da ƙungiyar 'yan rakiya na ƙauyukan, da ƙungiyoyin da ke haƙa rijiyoyi da ba da rance don mutane su ga amfanin dabbar. Kowace shekara ana ƙidaya, ana ɗaukar hoton kowane raƙumi dama da hagu, tunda zanen jikin wani ba ya kama da na wani. A 2017 sun haura 600.

Yau shiga rundunar ta hanyar jarrabawar gasa ake yi. Ana duba takardun makaranta gwargwadon matakin da mutum ke nema, a gwada lafiyarsa da ƙarfin jikinsa, sannan ya sha horon soja kafin ya sa kaki. Mata ma suna shiga. Wanda zai rubuta takardar kama mai laifi sai ya yi rantsuwa a gaban kotu. Rundunar tana da dokar aiki tata ta musamman, dabam da ta sauran ma'aikatan gwamnati, tana da galoli irin na soja har zuwa kanal, kuma ana lissafa ta cikin jami'an tsaron ƙasa tare da soja da jandarma da 'yan sanda da duwan. A Yamai, ƙarƙashin ma'aikatar muhalli, akwai babbar hukumar ruwa da dazuzzuka, a cikinta kuma akwai sashen da ke kula da namun dawa da farauta da gandaye. Daga nan umarni ke sauka zuwa jihohi da gundumomi har ya kai ga shugaban kowane gandu.

Matsalar ita ce faɗin ƙasa ya fi ƙarfin yawan mutanen. Gandun Ayar da Tenere da aka kafa a 1988 ya haura hekta miliyan bakwai. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1991, shekara ɗaya bayan haka ta mai da shi jerin waɗanda ke cikin haɗari, lokacin da tawaye ya ɓarke har aka yi garkuwa da wasu ma'aikatansa. Termit da Tin Tumma, da aka killace a 2012, a lokacin ya kai murabba'in kilomita 97,000, ga kuma aikin man fetur a gefensa. Wani bincike na 2016 warwaji uku kawai ya gani. A irin wannan wuri jami'in da aka haifa a Yamai ba ya iya komai sai da Batube ko Buzun da ya san kowace rijiya, shi ya sa aka fara ɗaukar 'yan yankin a matsayin masu sa ido. A 2018 gwamnati ta damƙa tafiyar da Termit ga wata ƙungiyar Faransa mai suna Noé, kamar yadda Benin ta damƙa gandun Penjari ga African Parks a 2017. Ana iya fahimtar dalilin, tunda kuɗin mota da mai da jirgin ƙidaya ba ƙanana ba ne. Amma ƙasa ba ta ba da aron ikon kamu da na rantsuwa, don haka horon jami'inta yana nan a wuyanta.

Yanzu kuma bindiga ta dawo gaba. Ranar 9 ga Agusta 2020 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a Kure: Faransawa shida ma'aikatan agaji, da direbansu, da shugaban ƙungiyar 'yan rakiya, mutumin da ya ba raƙuman dawa rayuwarsa. Gandun W ya zama maɓoyar masu ɗauke da makamai, an kai wa sansanin Tapoa hari, jami'an daji sun rasa rayukansu, baƙi sun daina zuwa. Ba wanda zai ce kada a ƙara wa matashin jami'i horon yaƙi a irin wannan hali. Tsorona shi ne kada darasin Maradi ya zube a hanya, a koma ɗaukar mai gadi irin na 1935 wanda ya iya harbi amma bai iya gaisawa da makiyayi ba, alhali makiyayin nan shi ne ke fara ganin sawun baƙo a daji.

A watan Nuwamba 2018, kafin abubuwa su ƙazanta, jami'an daji da abokan aikinsu suka kama raƙuman dawa takwas a Kure, suka loda su a manyan motoci, suka yi tafiyar fiye da kilomita 800 da su zuwa Gadabeji, inda rabon da a ga irinsu an kusa shekara hamsin. An ƙara wasu huɗu a 2022. Kafin a kawo su sai da aka zauna da Fulani da Buzayen yankin, aka ɗauki wasu 'ya'yansu aikin bin garken. Raƙuman sun zauna, suna kiwo kusa da shanun Bororo, har sun haihu a can.