Turbobin Azbin: Tarihin Hawan Tamgak da Bagazam

Gabas da garin Arlit, da zarar an wuce faƙon da ake haƙar yuraniyum, ƙasa takan fara tashi sannu a hankali har ta zama jerin baƙaƙen duwatsu waɗanda Hausawa ke kira Azbin ko Abzin, Abzinawa kuma suna ce musu Ayar. Tsawonsu daga kudu zuwa arewa ya kai kimanin kilomita 400. Biyu daga cikinsu sun fi yin suna a wurin masu hawa da ƙafa. Na farko shi ne Tamgak, wanda ya yi wa garin Iferwan rumfa, tafiyar kimanin kilomita 160 daga Arlit, tsayinsa kuma ya kusa mita 2,000. Na biyu shi ne Bagazam, arewa maso gabas da Agadas, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 2,022, kuma babu tudun da ya kai ta a duk faɗin Nijar. Har zuwa 2011, lokacin da Iferwan ta sami gundumar kanta, garuruwan dutse irin su Iferwan da Timiya suna ƙarƙashin Arlit ne a tsarin mulki.

Dajin Azbin ba irin na kudu ba ne mai duhuwa. Itatuwansa ruwa suke bi. A bakin ƙoramun da ake kira kori ake samun gawo da aduwa da magarya da goruba da jiga, wani wurin su yi kauri har su rufe rana. A cikin tsagin duwatsu akwai tafkuna da ba sa ƙafewa, waɗanda Abzinawa ke kira agelman. Can bisa kuwa, inda sanyi kan daskarar da ruwa a daren hunturu, akwai ragowar wani zaitun na daji da ya saura tun zamanin da Sahara take da damshi. Kusan kowace turba da ke cikin waɗannan duwatsu an fitar da ita ne domin ta haɗa wani ruwa da wani ruwa.

Sawun farko

Mutane sun daɗe suna hawa waɗannan duwatsu. A Tagalagal, wani wuri da ke bisa Bagazam, masanin tarihi Jean-Pierre Roset ya tono fasassun tukwane da suka haura shekara 9,000, waɗanda ke cikin mafi tsufa da aka samu a Afirka. A Dabus, kusa da hanyar Agadas zuwa Arlit, akwai zanen raƙumin dawa mai tsawon fiye da mita 5 da aka sassaƙa a jikin dutse, wanda Christian Dupuy ya bayyana wa masana a 1987, kuma a kewayensa akwai ɗaruruwan zane na shanu da jiminu da barewa. Irin waɗannan zane suna yawaita a mashigar kwaruruka da bakin tsofaffin mashaya, abin da ke nuna cewa maharba da makiyayan wancan zamani suna bin wurare iri ɗaya da waɗanda makiyayan yau ke bi.

Hausawa ma suna da rabo a wannan tarihi. Labarin baka na Gobirawa ya nuna cewa kakanninsu sun zauna a Azbin, har ana ambaton Bagazam a cikin wuraren zamansu, kafin su gangara kudu zuwa Birnin Lalle bayan ƙabilun Abzinawa sun yi ƙarfi a yankin. Sunan dutsen bai ɓace daga bakin Hausawa ba, domin dokin Bagazam ya yi suna a fadojin sarakuna saboda juriya da gudu.

Zamanin ayari

A farkon ƙarni na 15 aka kafa sarautar Azbin, daga baya fadarta ta zauna a Agadas. Tun kafin nan matafiyi Ibn Battuta ya ratsa yankin a 1353 bayan ya baro Takedda. Babbar hanyar fatake daga Gat zuwa Kano tana shigowa ta Iferwan, ta bi ƙarƙashin Tamgak, ta ratsa tsakiyar duwatsu kusa da Asode, tsohon birnin da yanzu ya zama kufai, sannan ta nufi Damargu. Wata hanyar kuma ta ayarin gishiri ce, wadda Abzinawan Kel Ewe ke kira taglamt. Bayan damina, wajen watan Oktoba, raƙuma kan taru a gabashin duwatsu, madugu ya ja su su ƙetare hamadar Tenere zuwa Fashi da Bilma ɗauke da gero, su komo da kantun gishiri da dabino, sannan su zarce ƙasar Hausa.

Waɗannan manyan hanyoyi kwari suke bi. Ƙananan turbobi su ne ke hawa sama, kuma bukata ce ta fitar da su. Mata da yara kan kora awaki zuwa inda ciyawa ta saura bayan ta ƙare a ƙasa. Maza kan hau su yanko ciyawar da raƙuma za su ci a hanyar Bilma, inda babu kiwo. Mata masu maganin gargajiya, waɗanda Bagazam ya shahara da su, kan hau neman saiwa da sassaƙe da ganyen da ba a samu sai a tudu. Bisa Bagazam fili ne mai faɗi da ƙauyuka da garake, inda ake jan ruwa daga rijiya da sa ko raƙumi ana noman alkama da tafarnuwa da tumatir da dankalin Turawa. Shekaru aru-aru duk abin da ya hau ko ya sauka daga can a bayan jaki yake tafiya, ta ƴan mashigai ƙalilan masu tsananin gangara, zuwa garuruwan gindin dutse irin su Tabelot da Abardak.

Ƙarancin mashigai ya mai da dutsen mafaka. Mutum kaɗan na iya tsare hanyar da jaki ɗaya kawai ke iya bi. Abzinawa suna da labarin baka na yadda rundunar Barno ta taɓa kewaye su a Bagazam, ta gaza hawa, daga bisani ta janye. A duk lokacin da hari ya taso daga gabas ko arewa, can ake kai mata da yara da dabbobi.

Tafiya a waɗannan turbobi tana da ƙa'idojinta, waɗanda ɗa ke koya daga uba. Ana tashi bayan asuba, a huta a inuwa idan rana ta take, a ci gaba da la'asar. Ana cika salka a kowane ruwa ko da ba ta ƙare ba. Inda turba ta ɓace a kan falalen dutse, tsibin duwatsu da magabata suka jera shi ke nuna hanya, kuma mai wucewa kan gyara wanda ya rushe. Da damina ba a yada zango a cikin kori, domin ruwan da aka yi a kan tudu mai nisa yana iya isowa da dare ba tare da an ga hadari ba. Guzurin matafiyi kuwa gero ne da aka daka da cuku da dabino a dama da ruwa, sai shayi da gurasar da ake gasawa a cikin toka da rairayi.

Zuwan Turawa

A 1850 Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shigo Azbin tare da James Richardson da Adolf Overweg. Sun zauna a Tintellust a hannun Annur, shugaban Kel Ewe, kuma daga nan Barth ya tafi Agadas a watan Oktoba, kafin su bi ayarin gishiri zuwa kudu. A 1899 rundunar Faransa ta Foureau da Lamy ta maƙale wata da watanni a Iferwan saboda rashin raƙuma. Mulkin Faransa ya kafu a Agadas a 1906. Daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917 jagoran Abzinawa Kawusan, da goyon bayan Sarkin Azbin Tagama, ya kewaye barikin Faransawa na Agadas. Bayan an karya yaƙin, sojojin Faransa sun bi mutane har cikin duwatsu, aka tashi garuruwa, jama'a da yawa suka yi hijira zuwa kudu, turbobi da dama suka mutu na ɗan lokaci.

A cikin wannan hali Angus Buchanan ya taso daga Kano a 1920 yana tattara tsuntsaye da namun daji domin wani gidan tarihi na Ingila, har ya hau Bagazam. Francis Rodd ya biyo baya a 1922 yana auna ƙasa yana rubuta tarihin ƙabilu. Dukansu da ƴan jagora na gida suka dogara, su ne suka nuna musu rijiyoyi da mashigai, kuma taswirorin da suka zana ilmin waɗannan mutane ne aka sa a takarda.

Yuraniyum da sabon nau'in mahaya

An gano yuraniyum a Azelik a 1957, daga baya aka sami wanda ya fi yawa a yammacin gindin Azbin. An kafa kamfanin SOMAIR a 1968, aka gina Arlit a 1969, aka fara fitar da ma'adinin a 1971. Kamfanin COMINAK ya biyo baya a 1974, ya fara aiki a Akokan a 1978. Wajen 1980 aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Agadas da Arlit. Garin da aka kafa a fili mara itace ya cika da ma'aikata daga Damagaram da Maradi da Tawa da Yamai, da injiniyoyi daga Faransa, har ƙidayar 2012 ta sami mutum kusan 80,000 a cikinsa.

A wannan zamani hawan dutse domin nishaɗi ya fara zama al'ada. Ma'aikatan kamfanoni kan fita a ranakun hutu da mota ta Gugaram zuwa Iferwan, su ajiye ta, su shiga kwarin Tamgak da ƙafa zuwa tafkunan da ke cikinsa, inda ake ganin birai da ragon dutse. Wasu kan zarce Timiya su ga magangarar ruwa da garaken lemo da rumman, su hau tudun da Faransawa suka gina ƙaramar ganuwa a kansa. Turawan da ke ƙetaro Sahara ta Tamanrasset da Asamaka da tsofaffin motocin Peugeot na sayarwa su ma a Arlit suke fara sauka. Tseren motoci na Paris zuwa Dakar, wanda ya ratsa Agadas tun zagayensa na farko a 1979, ya ƙara bayyana yankin ga duniya.

Fari na 1973 zuwa 1974 da na 1984 ya kashe dabbobi masu yawa, sai makiyaya da dama suka koma garka, ko aikin ma'adini, ko jagorancin baƙi. Mano Dayak ya kafa kamfanin Temet Voyages a Agadas, wasu kamfanonin suka biyo sahu. Tafiyar mako guda ko biyu a Bagazam ko Tamgak, tsakanin Oktoba da Maris, takan samar da aiki ga jagora da kuku da masu jakuna da masu raƙuma, maƙera kuma su sayar da kayan azurfa. A 1988 gwamnati ta keɓe gandun Ayar da Tenere mai faɗin hekta miliyan 7.7, wanda ya haɗa da Tamgak, kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1991.

Tawaye da rufewar hanyoyi

Wannan bunƙasa ba ta daɗe ba. Tawayen Abzinawa da ya ɓarke a farkon shekarun 1990 ya sake mai da duwatsun mafakar masu ɗauke da makamai, kuma a 1992 UNESCO ta sa gandun cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari. A wannan tsakani jiminun Azbin suka kusa ƙarewa. An sa hannu kan yarjejeniyar sulhu ranar 24 ga Afrilu 1995. Mano Dayak, wanda yake cikin shugabannin tawayen, ya rasu a haɗarin jirgin sama a watan Disamba na shekarar, kuma filin jirgin Agadas sunansa yake ɗauke da shi. Baƙi sun komo a ƙarshen shekarun 1990 da jiragen kamfanin Point-Afrique, aka kuma fara bikin Ayar a Iferwan a 2001.

A Fabrairu 2007 ƙungiyar ƴan tawaye ta MNJ ta kai hari Iferwan, Tamgak ya zama sansaninta, aka binne nakiyoyi a wasu hanyoyin mota, mutanen garin da yawa suka gudu Arlit da Agadas. Rikicin ya lafa a 2009. Sace mutum bakwai da aka yi a Arlit ranar 16 ga Satumba 2010, da hare-haren 23 ga Mayu 2013 a Arlit da Agadas, su suka tsinke zuwan ƴan yawon buɗe ido daga Turai. Ƴan jagora da direbobi da dama sun koma jigilar fasinja ko haƙar zinariyar da aka gano a Jado da Cibarakaten a 2014. Ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ya rufe mahaƙarsa ta Akokan.

Halin da ake ciki

Turbobin sun koma hannun waɗanda suka fitar da su tun farko. Makiyaya na bin su da awaki, masu magani na hawa neman itace, masu garka na sauko da albasa da tafarnuwa zuwa inda manyan motoci ke jira. Injin ban ruwa ya maye gurbin sa a rijiyoyi da yawa, babur kuma ya karɓi wani sashe na aikin jaki a inda gangara ta yi sauƙi. Babbar barazana ga inuwar kori ita ce saran itacen girki da ake kai wa Arlit da Agadas, da farauta da mota, da zurfin da ruwan rijiyoyi ke ƙara yi. A dutsen Takulkuzat, cikin gandun, har yanzu akwai ragowar barewar dama, wadda ke cikin dabbobin da suka fi ƙaranci a duniya, kuma ma'aikatan gandun daji tare da mazauna yankin suna sa ido a kanta. Bikin Ayar, a shekarun da aka gudanar da shi, yakan kawo ƴan Nijar daga Arlit da Agadas da Yamai zuwa gindin Tamgak, wasunsu kuma sukan nemi ɗan gari ya shiga da su kwarin har bakin ruwa.