Yadda cinikin bowa ya kusa ƙarar da macizan wani tsibiri

Bowa macijiya ce ta Amurka ta Tsakiya da ta Kudu. Kamar mesa take, ba ta da dafi, nannaɗe abin da ta kama take yi har ya mutu. Sai dai mesa ƙwai take yi, ita kuwa bowa haihuwa take yi, wani lokaci 'ya'ya ashirin ko talatin a ciki ɗaya. Tun 1758 masanin nan ɗan Suwidin, Linnaeus, ya shigar da ita littafinsa, amma sai a rabin ƙarshe na ƙarni na 20 ta zama hajar kasuwa sosai, ana lodinta a jirgin sama daga Kolombiya da Suriname da Guyana zuwa shagunan Amurka da Turai.

Jarirai aka fi sayarwa, kuma a ganina nan matsalar ta samo tushe. Jaririyar bowa ba ta cika wuce rabin mita ba, kaurinta kamar na babban yatsa, tana kwance lamo a tafin hannun mai shago, harshe na leƙowa. Mai saye ya biya, ya tafi da ita cikin ɗan akwatin gilashi. Kafin shekara ta zagayo ta doshi mita ɗaya, tana ta saɓa a kai a kai. A shekara uku zuwa huɗu ta balaga, ta tashi daga ƙananan ɓeraye ta koma manya, wata har zomo. Macen ta fi namijin girma, takan kai mita biyu da rabi zuwa uku. Girman yana raguwa da shekaru amma ba ya tsayawa cak. Ga tsawon rai: shekara 20 zuwa 30 ba abin mamaki ba ne, wata ma ta kai 40 a gidan namun daji na Philadelphia kafin ta mutu a 1977.

Da masu kiwo suka gane haka, sai suka shiga neman irin da ba ya girma sosai. Aka same shi a Cayos Cochinos, wasu 'yan tsibirai a gaɓar arewacin Honduras. Bowar wurin fara-fara ce, launinta na ƙara haske da dare, kuma da wuya ta kai mita biyu. Daga 1979 zuwa 1986 aka riƙa kwasarta dubbai-dubbai, har aka yi zaton an ƙarar da ita. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ba don nama ko fata aka yi wannan ɓarna ba, don kawai a samu wadda za ta shiga ƙaramin keji. Kuma da yawa daga cikinsu, da suka samu abinci a kai a kai a hannun mutane, sai suka zarce 'yan'uwansu na tsibiri girma.

Yarjejeniyar CITES ta cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, wadda ta fara aiki a 1975, ta sa sharaɗin takardar izini kan fitar da bowa, amma takarda ba ta tsaron tsibiri. Sai a farkon shekarun 1990 Honduras ta mayar da Cayos Cochinos wurin da doka ta kare. Masu binciken da suka je a shekarun 2000 sun tarar da macijiyar tana nan da ranta. Waɗanda masu kiwo ke sayarwa yau da sunan Hog Island, wato sunan tsibiran da Turanci, galibi jikokin waɗancan da aka kwashe ne.