Daga Salaga Zuwa Kumasi: Yadda Aikin Yi Ya Yi Ƙaura A Ƙasar Ghana

Duk wanda ya dubi Ghana a yau zai ga guraben aiki sun taru a kudu, tsakanin Accra da Kumasi da Takoradi, alhali arewa tana tura 'ya'yanta ci-rani. Akan ɗora laifin a kan yanayi, domin damina ɗaya arewa take samu a shekara, kudu kuwa biyu. Wannan gaskiya ne, sai dai tarihi ya nuna ba kullum haka lamarin yake ba.

A ƙarni na 19, Salaga ta ƙasar Gwanja ita ce babbar kasuwar yankin. Fatake daga Kano da Katsina sukan kai tufafi da kanwa da fatu, su komo da goron Asante, kuma akan sayar da bayi a can. Masu masauki da dillalai da 'yan dako duk a wannan hanya suke cin abinci. Bayan Turawan Ingila sun ci Asante da yaƙi a 1874, cinikin goro ya fara sauya hanya. Yaƙin basasar 1892 kuma ya watsa garin, 'yan kasuwa suka bazu zuwa Kete-Krachi da zangunan kudu.

Daga nan fuskar ciniki ta juya zuwa teku. Koko ya karɓi dazuzzukan kudu, har ƙasar ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da shi a 1911. Layin dogo daga Sekondi ya ratsa mahaƙar zinariya ta Tarkwa da Obuasi ya isa Kumasi a 1903, aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Takoradi a 1928. Dogon bai taɓa kaiwa Tamale ba. Gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauki arewa a matsayin rumbun leburori: ta sa sarakuna su tara samari don ma'adinai da aikin hanya, ta kuma taƙaita makarantu.

Bayan samun 'yanci a 1957, Nkrumah ya sauƙaƙa wa 'yan arewa karatu, aka kafa masana'antar tumatir a Pwalugu. Amma manyan ayyuka, wato tashar Tema da madatsar Akosombo, a kudu aka yi su, haka ma man fetur da aka fara haƙowa da yawa a 2010.

Abin lura ga ɗalibi shi ne, aiki yana bin hanyar da kaya suke bi. 'Yan matan arewa masu dako a kasuwannin Accra, waɗanda ake kira kayayei, daga kalmar Hausa "kaya" sunansu ya samo tushe. Sana'ar da ta ciyar da Salaga tana nan, kasuwar ce ta tashi.