Fushi da Niyya a Gaban Alƙali: Daga Gwandu Zuwa Ikeja

Idan rigima ta kai ga rasa rai a Agege ko Ajegunle, dangin wanda aka kama sukan ce, "Ai tsokanarsa aka yi." Maganar tana da gurbi a doka, amma gurbin ƙarami ne, kuma an daɗe ana ja-in-ja a kansa tsakanin alƙalai, sarakuna da Turawan mulki.

Kafin zuwan Turawa, alƙalan ƙasar Hausa da fiƙihun Malikiyya suke hukunci. A nan kisa kashi biyu ne: na ganganci da na kuskure. Na kuskure diyya ake biya. Na ganganci kuwa haƙƙin magadan mamaci ne: su nemi kisasi, ko su yafe, ko su karɓi diyya. In sun yafe, sai a yi wa mai laifi bulala 100 da ɗaurin shekara guda. Alƙali yana duba ko da gangan aka kai bugun cikin husuma. Fushin da ya haifar da bugun ba ya sauya hukunci.

A 1904 gwamnatin Lugga ta kafa wa Arewa kundin Kiriminal Kod, wanda aka kwaikwayo daga dokar Kwinsland ta Ostireliya, a 1916 kuma aka shimfiɗa shi a duk Najeriya. Sashe na 316 ya fayyace kisan ganganci, wanda hukuncinsa kisa ne. Sashe na 318 kuwa ya ce wanda ya yi kisa cikin zafin zuciya, sakamakon tsokana ta bazata, kafin zuciyarsa ta huce, laifinsa ya sauko zuwa wanda ake hukuntawa da ɗauri. Ke nan a gari guda, laifi guda, kotun sarki ta ce a kashe, kotun Bature ta ce a ɗaure.

Ƙurar ta tashi a 1947, a shari'ar Tsofo Gubba da En'en Gwandu. Mutumin ya kashe mai neman matarsa, kotun Sarkin Gwandu ta yanke masa hukuncin kisa. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin, bisa hujjar cewa a ƙarƙashin Kiriminal Kod tsokanar da aka yi masa ta isa ta sauko da laifin. Sarakuna da alƙalai suka ɗauki wannan a matsayin katsalandan cikin Shari'a. Aka shafe shekara goma ana yi wa dokokin kotuna kwaskwarima, saɓanin bai ƙare ba.

Da 'yancin kai ya ƙarato, gwamnatin Sardauna ta kafa kwamitin masana shari'a a 1958, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Abu Rannat. Shawararsu ta haifi Final Kod, wanda aka ɗauko daga dokar Sudan mai tushe a kundin Indiya na 1860, ya fara aiki a 1960. Shi ya zo da rabon da kotunan Kano da Abuja ke amfani da shi: sashe na 221, kisan da hukuncinsa kisa ne, da sashe na 222, wanda hukuncinsa bai kai ga kisa ba, ciki har da wanda tsokana mai tsanani ta bazata ta jawo. Daga 2000 kuma, bayan Zamfara ta buɗe ƙofa, jihohi 12 suka dawo da kisasi da diyya ga Musulmi.

Shi kuwa Kiriminal Kod da aka fara yi domin Arewa, sai ya tare a Kudu. Legas ta yi tata dokar laifuka a 2011, amma ta riƙe rabon Kiriminal Kod. Don haka Bahaushen Agege a Babbar Kotun Ikeja zai tsaya, kuma gwamnati ce mai ƙara. Sulhun da za a yi a fadar Sarkin Hausawa na iya kwantar da zukata, amma yafewar dangin mamaci ba ta ɗaure hannun alƙali.

Yaya kotu ke gane niyya, alhali ba a ganin zuci? Tana duba makami, da gurbin da aka sara, da yawan saran, da lokacin da ya shige. A ɗauki mahauci a mayankar Oko-Oba, wuƙa a hannunsa yana fiɗa, wani ya zabga masa mari a bainar jama'a, shi kuma nan take ya kai suka ɗaya. Lauyansa na da abin faɗa. Amma in ya wanke hannu, ya tafi gida, ya wasa wuƙa, ya dawo bayan la'asar, kotu za ta ce zuciya ta samu lokacin hucewa, wannan ramuwar gayya ce. Haka nan dole martani ya yi daidai da tsokanar, kuma ma'aunin shi ne mutum mai matsakaicin haƙuri a irin al'ummarsa. Mai saurin fushi ba ya samun rangwame don halinsa.

Ko an karɓi uzurin tsokana, ba a sallamar mutum. Ya tsira daga igiya ne kawai, ɗaurin kuma na iya kaiwa rai da rai. Matasanmu na kasuwa da tasha su riƙe wannan: mai haƙuri shi ke kwana a gidansa.