Tutoci Biyu a Hannun Riga: Lambar Ƴan Sigina

A cikin akwatunan mazan jiya da suka yi yaƙin duniya na biyu ƙarƙashin tutar Ingila, akan tarar da wata ƴar lamba ta tagulla ko ta zare, mai siffar tutoci biyu giciye da juna. Magada kan ɗauke ta lambar yabo, wasu kuma su ce alamar bataliya ce. Ko ɗaya ba haka ba ne. Shaida ce cewa mai ita ya koyi aikin sigina, wato isar da saƙo tsakanin rundunoni, an jarraba shi, ya ci.

Kafin rediyo ya yaɗu, da tuta ake magana a filin daga, ko da fitila cikin dare, ko da madubi mai walƙa hasken rana, bisa ƙa'idar Morse ta gajeren bugu da dogo. Tutocin iri biyu ne: fara mai ratsin shuɗi, wadda ake kaɗawa idan bayan mai sigina duhun itatuwa ne, da shuɗiya, wadda ta fi fitowa a gaban sarari ko farin rairayi. Su ne aka zana a lambar. Rediyo ya ture tuta daga aiki, amma bai ture ta daga hannun riga ba.

Kuskuren farko da masu tara lambobi ke yi shi ne danganta kowace irinta da rundunar sigina ta Ingila, wadda aka kafa a 1920. Alamar waccan runduna dabam take: siffar Makuri, manzon alloli a tatsuniyoyin Rumawa, kuma a hula ake maƙala ta. Tutocin nan kuwa sojan ƙasa na kowace bataliya, ko na igwa, yana iya samun su. Na biyu, kuma a ganina ya fi muni, shi ne ɓalle lambar daga riga. Ƙwararren ɗan sigina a ƙasan hannun hagu yake ɗinka ta. Mai koyar da aikin kuwa a damtsen dama, bisa igiyoyin muƙaminsa. Duk wanda ya sa reza ya raba ta da kakin, ya shafe bambancin malami da almajiri.

Rigar kan faɗi har inda mutum ya je. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda aka kafa a 1943 aka kai su Bama, kuma Hausawa na da yawa a cikinsu, kowace da tambarinta a kafaɗa. Ta 81 baƙin gizo-gizo ne a kan rawaya, Ananse na Asante, ɗan'uwan Gizo namu. Ta 82 masu biyu ne giciye cikin gammo, don tunawa da masu dako. Idan aka ga tutoci da gizo-gizo a riga ɗaya, an san aikin mutum, an san rundunarsa.

A ɓangarenmu na Faransa, sai a 1942 aka ware sadarwa daga rundunar injiniyoyi ta zama reshe mai cin gashin kansa, launinta shuɗin sararin sama, kuma zanen walƙiya ya yawaita a lambobinta. A nan bayan lambar ake dubawa. Maƙera irin su Drago da Arthus-Bertrand na Faris suna buga sunansu, kuma adireshin Drago ya sauya sau da dama, don haka yana taimakawa wajen kintatar zamani. Bayan 1945 aka shiga ba lambobin rundunoni lambar rajista ta hukuma, wadda sau da yawa take farawa da harafin G.

Akwai jabu a kasuwa. Wadda aka zuba daga jikin wata, layukanta kan dushe, bayanta kan yi ƙuraje kamar an yayyafa yashi. Amma tsatsa kaɗai ba hujja ba ce, domin ana iya tsufar da tagulla cikin mako guda.

Malami ko ƙungiyar da aka kawo wa irin wannan kaya, su fara ɗaukar hoton rigar dungum, gaba da baya, su rubuta sunan mai ita da garinsu da lambarsa ta soja idan takardar sallama tana nan, su kuma hana yara goge tagullar da toka.