Daga Toronto Zuwa Randar Yamai

A Janairun 1922 likitocin Toronto suka yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, allurar insulin, ya farfaɗo bayan an fid da rai. Waɗanda suka gano maganin sun sallama haƙƙinsa ga jami'ar garin a kan dala ɗaya-ɗaya, don kada ya zama na masu hali kaɗai. An haura shekara ɗari, amma a Yamai har yau mai ciwon sukari da ba shi da firij dabarar kaka da kakanni yake komawa, ya adana kwalbarsa a sanyin randa, domin zafin bazara, mai wuce digiri 40, yana rage ƙarfin maganin. Da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta bayan juyin mulkin Yulin 2023, masu firij ɗin ma sun ji a jikinsu.

Da wannan tarihi ya kamata a auna labarin ƙwayoyin tushe, waɗanda ake sarrafawa su zama masu samar da insulin. Abin ba tatsuniya ba ne. A 2000 likitocin Edmonton suka raba mutum 7 da allura ta hanyar dasa musu ƙwayoyin mamata, sai dai masu bayarwa ba su da yawa. A 2006 Shinya Yamanaka ya nuna ana iya mai da ƙwayar jiki ta koma tushe, kuma a 2025 kamfanin Vertex ya ba da rahoton cewa mutum 10 cikin 12 sun shekara da dashe ba sa buƙatar allura. Amma duk masu ciwon sukari nau'i na ɗaya ne, suna shan magungunan danne garkuwar jiki, alhali galibin masu layi a Babban Asibitin Ƙasa da na Lamorde a Yamai nau'i na biyu ke damunsu.

Wani zai ce ai maganin ƙanjamau ma da tsada ya fara, ga shi ya iso ƙauye. Haka ne, amma farashinsa ya karye ne a 2001 da kamfanin Cipla na Indiya ya kwaikwayi ƙwayoyin ya sayar da araha. Ƙwayar haɗiya tana kwaikwayuwa. Ƙwayar halitta mai rai kuwa sai da ɗakin bincike, da wutar da ba ta ɗaukewa, da likitan da zai bi majinyaci shekara da shekaru. Insulin kansa, da ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba, kusan duk kasuwarsa tana hannun kamfanoni uku: Novo Nordisk, Eli Lilly da Sanofi.