Daga 'Yartsana Zuwa 'Yar Fim: Tarihin Shamakin da ke Tsakanin Mai Wasa da Abin da Yake Kwaikwaya

1.0 Gabatarwa

Kowane irin wasan kwaikwayo, na gargajiya ne ko na zamani, ya ginu ne a kan wata yarjejeniya tsakanin mai wasa da mai kallo, wato cewa wanda ke wasa daban, wanda ake kwaikwaya kuma daban. Yaron da ya manna gemun auduga a lokacin tashe bai zama tsoho ba, ba kuma za a bi shi gida a tuhume shi da abin da tsohon ya faɗa ba. Wannan rata ita za a kira shamaki a cikin wannan maƙala. Manufar maƙalar ita ce ta bi tarihin wannan shamaki, ta nuna cewa wasannin Hausawa na gargajiya sun tanade shi, fim kuwa ya yaye shi, kuma mata ne suka fi ɗanɗana kuɗar hakan. Za a kafa hujja da abubuwa biyu da ba a saba haɗa su ba: wasannin 'yartsana na barkwanci, na gida da na ƙetare, da kuma tarihin sana'ar Rahama Sadau, 'yar wasan fim daga Kaduna.

2.0 Shamaki a Wasannin Gargajiya

Ɗiya mace a ƙasar Hausa takan fara koyon kwaikwayo ne da 'yartsana. Yara mata kan sami ƙashi ko kara ko yumɓu su yi masa kitso da sutura, su raɗa masa suna, daga bisani su shirya masa biki da lefe da gara da kai amarya, kamar dai yadda suka ga iyayensu na yi. A wannan wasa yarinya ce ke magana da bakin amarya da na uwar miji da na kishiya, amma ba wanda zai ce ita ce ta yi rashin kunya, domin 'yartsana ce ta faɗa.

Akwai kuma wasan 'yartsana na manya, wanda maza ke yawo da shi a matsayin sana'a. A Barno ana kiransa dogodogo, kuma wani Bature mai suna R. E. Ellison ya bayyana yadda ya gan shi a cikin mujallar Nigerian Field a 1935. A ƙasar Hausa ta Jamhuriyar Nijar kuwa ana kiran 'yartsanan da ɗiyan dabo. Mai wasan yakan shige cikin babbar riga wadda aka tokare ta zama kamar ƙaramar bukka, ya riƙa fito da 'yartsanan ta wuyan rigar. Yakan sa wani ɗan abu a baka wanda ke sauya murya ta koma siririya, sa'an nan abokin aikinsa da ke waje ya riƙa maimaita wa jama'a abin da aka faɗa. Ke nan shamaki uku ne a wuri guda: riga ta ɓoye jiki, an jirkita murya, magana kuma ta biyo ta bakin wani. Da wannan kariya ne mai wasa ke iya yi wa mai mulki da mai dukiya da budurwa mai ruwan ido shaguɓe a tsakiyar kasuwa, a yi dariya a watse.

Sauran wasannin ma ba su rasa nasu shamakin ba. Shamakin tashe lokaci ne, domin daga goma ga watan azumi al'umma kan yi wa yara uzurin da ba ta yi musu a sauran watanni, har yarinya ta sa riga da hula ta fito a matsayin miji a wasan Mairama da Daudu. Shamakin wasan gauta kuwa katangar fada ce, inda matan gidan sarauta ke kwaikwayon sarki da hakimansa domin a ga aibi a gyara. Abin lura a nan shi ne, mace ta daɗe tana wasan kwaikwayo a ƙasar Hausa, amma kullum a bayan wani abu: 'yartsana ko ƙuruciya ko katanga.

3.0 Yayewar Shamaki

Rubutaccen wasan kwaikwayo, irin su Wasan Marafa na Abubakar Tunau na 1949 da Zamanin Nan Namu na Shu'aibu Maƙarfi na 1959, bai rushe wannan tsari ba, saboda takarda da aji da rediyo duk suna ɓoye fuska ko su taƙaita masu kallo. Talabijin ce ta fara kai fuskar mai wasa cikin gidaje. Daga nan ne kuma aka fara ganin wata ɗabi'a ta harshe mai muhimmanci, wato kiran mai wasa da sunan wanda yake kwaikwaya. Usman Baba Pategi ya zama Samanja har ya bar duniya, Rabilu Musa ya zama Ibro, Hauwa Ali Dodo ta zama Biba Problem, Saratu Giɗaɗo kuma aka fi saninta da Daso. Suna linzami ne. Idan jama'a suka kira mutum da sunan rawar da ya taka, to a zukatansu sun riga sun haɗe su wuri guda.

Fim ɗin bidiyo ya fara da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano a 1990. Kafin ƙarshen wannan ƙarni sana'ar ta bunƙasa har ta sami mujallunta, irin su Tauraruwa da Fim, ta kuma sami sunan Kannywood. Da rawa da waƙa irin na finafinan Indiya suka zama gishirin fim, musamman bayan fitowar Sangaya, sai wani abin mamaki ya auku. Muryar da ake ji a waƙa ta mawaƙiya ce da ke ɗakin ɗaukar sauti, irin su Fati Nijar da Maryam Fantimoti, labari na marubuci ne, motsi na mai ba da umarni ne, sutura sau da yawa zaɓin mai shiryawa ce. 'Yar wasa a nan ta koma matsayin 'yartsana, masu sarrafa ta kuma su ne a cikin riga. Bambancin kawai shi ne, ita wannan tana da iyaye da unguwa da mutunci, kuma a kanta zargi ke sauka. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, aka kuma tsananta dokoki bayan rikicin da ya girgiza sana'ar a 2007, kuma mafi yawan ƙa'idojin da aka fi ji a bakin jama'a sun danganci suturar mace ne da rawarta da taɓa jikinta.

4.0 Rahama Sadau

An haifi Rahama Sadau a Kaduna a 1993. Ta shiga sana'ar fim a 2013, kuma Gani Ga Wane, inda ta fito tare da Ali Nuhu, shi ne ya fito da ita. Cikin shekara biyu ta shiga sahun gaba, har ta karɓi lambar yabo ta City People a 2014 da 2015. Abin da ya bambanta ta da akasarin tsararrakinta shi ne sakin jiki a gaban kyamara da iya sarrafa Hausa da Ingilishi, wanda ya buɗe mata ƙofar finafinan kudu. A 2016 ta fito a Sons of the Caliphate na tashar EbonyLife, shirin da aka gina a kan rayuwar 'ya'yan masu mulki da dukiya na Arewa.

A watan Oktoba na wannan shekara ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta sanar da korarta daga sana'ar, saboda ta fito a bidiyon wata waƙar soyayya ta mawaƙi ClassiQ inda aka ga sun taɓa juna. Ta ba da haƙuri, aka kuma ɗage hukuncin a farkon 2018. Abin da ya shafi wannan nazari ba dacewar hukuncin ko rashin dacewarsa ba ne. Abin dubawa shi ne, a duk muhawarar da aka tafka, masu suka da masu kariya ba su tsaya kan yarinyar da aka kwaikwaya a bidiyon ba. Rahama kawai ake gani. Hujjar masu suka ma tana da tushe, domin hannun 'yartsana itace ne ko tsumma, hannun 'yar fim kuwa nata ne, kuma hukuncin addini a kan jiki yake hawa, ba a kan labari ba. Wannan shi ne ainihin kullin da fim ya zo da shi, wanda wasan gargajiya bai taɓa fuskanta ba.

Matakin da ta ɗauka bayan haka yana da ma'ana a tarihi. A 2017 ta fitar da Rariya a ƙarƙashin kamfaninta na Sadau Pictures, fim a kan rayuwar 'yan mata ɗalibai da masu kuɗin da ke farautarsu. Wato ta koma bayan kyamara, ta karɓi igiyar da ake sarrafa wasu da ita. Ta ci gaba da fitowa a wasu harsuna: Up North, wanda aka ɗauka a Bauci, a 2018, da MTV Shuga, shirin faɗakar da matasa kan lafiya, sa'an nan Khuda Haafiz kashi na biyu a ƙasar Indiya a 2022. Duk da haka, ƙurar da ta tashi a watan Nuwamba na 2020 kan wasu hotunanta ta nuna cewa a zamanin wayar hannu ko ƙofar ɗakin mai wasa ba ta zama shamaki ba.

Ya kamata a tuna cewa masu kallon da ke yanke irin wannan hukunci ba iri ɗaya ba ne. A jihar da ta fito kanta, garuruwa irin su Kafanchan da Zonkwa da Zangon Kataf cike suke da Atyap da Bajju da sauran al'ummu waɗanda Hausa ce harshensu na kasuwa, sau da yawa har da na coci, ga kuma Hausawan da kakanninsu fatake suka kafa zango a can. Harshe ɗaya ne ya haɗa su a gaban allo, amma ma'aunin kunya da na sutura ya bambanta, kuma fuska guda ce aka ɗora wa nauyin gamsar da kowa.

5.0 Inda Shamaki ya Tsira

A Amurka 'yartsana ta shiga fim ba tare da ta rasa kariyarta ba. Jim Henson ya ƙirƙiro Muppets a 1955, suka shiga shirin yara na Sesame Street a 1969, suka sami shirinsu na barkwanci daga 1976 zuwa 1981. Daga 1979 zuwa 2014 an yi musu finafinan silima takwas, kuma jerin bai tsaya ba duk da rasuwar Henson a 1990 da sayar da su ga kamfanin Disney a 2004. Fitacciyar macen cikinsu, Miss Piggy, mai son kai da faɗa da bin namijin da take so a fili, namiji ne mai suna Frank Oz ya daɗe yana sarrafa ta da yi mata murya. Da ya bari wani ya karɓa, ita kuwa tana nan yadda take. Wannan shi ne tsarin ɗiyan dabo a cikin sabuwar riga.

Nijeriya ma ta ga amfanin wannan dabara. A 2011 tashar NTA ta fara nuna Sesame Square, wanda daga baya aka mayar da shi Hausa da sunan Dandalin Sesame. Cikin taurarinsa akwai Zobi mai son doya, da Kami, 'yartsana mai siffar yarinya 'yar shekara biyar da ke ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, wadda aka fara fito da ita a Afirka ta Kudu a 2002. Kami ta yi maganar da ke da nauyi a bakin mutum, ba kuma wanda ya ƙi auren 'yar'uwarta ko ya nuna gidansu da yatsa. Da 'yar fim ce ta ɗauki wannan matsayi na tsawon shekaru, da wuya sunan bai bi ta ba.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa ƙyamar da ake yi wa 'yar fim ba ta samo asali daga rashin sabo da wasan kwaikwayo ba, domin Bahaushe ya san kwaikwayo tun kafin zuwan majigi. Ta samo asali ne daga ɓacewar shamakin da al'ada ta tanada. Harshen kansa yana ɗauke da alamar wannan. A fagen nazarin adabi ana kiran mutanen cikin labari taurari, a fagen fim kuma ana kiran masu wasan taurari. Jaruma na nufin macen da labari ya ginu a kanta, tana kuma nufin wadda aka biya ta fito a madadinta. Kalmar 'yar wasa ta fi kusa da rarrabewa, amma 'yar fim, da ɗan nauyin raini da ke tattare da ita, ita ta fi yawo a bakin jama'a. Saboda haka akwai aiki biyu a gaban manazarta harshe. Na farko, daidaita kalmomi biyu mabambanta ga mai wasa da wanda ake kwaikwaya, a shigar da su littattafan makaranta da kafofin watsa labarai. Na biyu, tattara abin da ya rage na ɗiyan dabo da bikin 'yartsana daga bakin tsofaffin da suka gan su, da kalmominsu da salon zancensu, tun kafin ƙasa ta rufe idanun waɗanda suka sani.